Tsuntsun soyayya: Yadda sabon mai kiwo zai sa ya saba da shi

Tsawonsa bai kai taƙi guda ba, nauyinsa kuma bai wuce na ƙwan kaza ɗaya ba, amma yana daga cikin tsuntsayen da aka fi kiwatawa a gidaje a faɗin duniya.

Turawan Ingila suna kiransa da sunan da ke nufin tsuntsun soyayya, yayin da Faransawa da Jamusawa suke kiransa da sunan da ke nufin waɗanda ba su rabuwa. Dalili kuwa shi ne yadda namiji da mace suke zama kafaɗa da kafaɗa, suna gyara wa juna gashi, suna ciyar da juna baki da baki.

A ƙasar Hausa an daɗe da sanin kiwon tattabara da kanari da aku. Sai dai wannan ɗan tsuntsu yana da nasa halaye, kuma sau da yawa wanda ya saye shi a karon farko yakan yi mamakin ganin cewa maimakon ƙauna, cizo da ƙara da gudu yake samu daga gare shi.

Likitocin dabbobi da masu nazarin halayen tsuntsaye sun yi ittifaƙi cewa sabo tsakanin mutum da wannan tsuntsu abu ne mai yiwuwa, amma yana da matakai, kuma kuskuren da aka yi a makonnin farko kan ɗauki watanni kafin a gyara shi. Wani kuskuren ma yakan kai ga asarar ran tsuntsun.

Wane irin tsuntsu ne?

Tsuntsun soyayya ɗan dangin aku ne. Masana kimiyya suna kiran zuriyarsa Agapornis, sunan da wani masani ɗan Ingila, Prideaux John Selby, ya raɗa mata a shekarar 1836, ta hanyar haɗa kalmomin Girkanci biyu masu nufin ƙauna da tsuntsu.

Jinsi 9 ne a zuriyar. Guda 8 asalinsu daga doron nahiyar Afirka ne, ɗaya kuma mai toka-tokan kai daga tsibirin Madagaska yake. Tsawonsu yakan kama daga santimita 13 zuwa 17, nauyinsu kuma daga giram 40 zuwa 60.

Uku daga cikinsu ne aka fi gani a hannun masu kiwo. Na farko shi ne mai fuska ruwan hoda, wanda ke zaune a busassun yankunan Namibiya da kudu maso yammacin Angola da wani ɓangare na Afirka ta Kudu. Na biyu shi ne wanda aka sa wa sunan wani Bajamushe mai yawon bincike, Gustav Fischer, kuma mazauninsa yana arewacin Tanzaniya, kudu da Tafkin Biktoriya. Na uku shi ne mai baƙin kai da rawayan wuya, shi ma daga Tanzaniya.

Akwai kuma mai jan kai, wanda ake samu a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ciki har da wasu sassan Nijeriya da Ghana da Kamaru.

Idan ya sami kulawa, tsuntsun yakan rayu shekara 10 zuwa 15, wasu har su kai 20. Ke nan wanda ya saya wa ɗansa ɗan firamare, mai yiwuwa ne yaron ya gama jami'a tsuntsun yana nan da ransa.

Ya kamata kuma mai saye ya sani tun da farko cewa da wuya wannan tsuntsu ya kwaikwayi maganar mutane kamar yadda aku yake yi. Abin da yake da shi kuka ne mai tsini, musamman da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana.

Ɗaya za a saya ko biyu?

Akwai wata magana da ta yaɗu cewa idan aka ajiye tsuntsun shi kaɗai, ko kuwa abokin zamansa ya mutu, to shi ma baƙin ciki zai kashe shi. Masana sun ce an zuzuta batun. Tsuntsun da ya rasa abokin zama yakan nuna damuwa, har ya rage cin abinci na wani lokaci, amma yawanci yakan warware.

Abin da ba a musu a kansa shi ne, halitta ce da ba ta jure kaɗaici. A daji, garke-garke suke tashi su yi kiwo tare, su sha ruwa tare, su kwana tare.

Saboda haka zaɓi biyu ne a gaban mai kiwo. Idan ya ajiye guda ɗaya, tsuntsun zai fi saurin sabawa da shi, domin zai ɗauke shi a matsayin abokin garke. To amma hakan na nufin sai ya ware masa sa'o'i a kowace rana. Wanda yake fita aiki tun safe sai dare, ya bar tsuntsu ɗaya a ɗaki babu motsin kowa, ya jefa shi cikin ƙunci, kuma alamar hakan ita ce yawan ƙara da fizge gashin jikinsa da kansa.

Idan kuwa ya ajiye biyu, za su wadatu da juna, su rage damuwa da mutum. Ana iya sa su saba da hannu, sai dai aikin ya fi ɗaukar lokaci.

A jinsunan nan uku da aka fi kiwo, ba a iya bambance namiji da mace da ido kawai. Tabbataccen bayani sai ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta daga gashi ko ɗigon jini. Batun yana da muhimmanci, domin mata biyu da aka haɗa a keji ɗaya sukan yi faɗa mai tsanani. Kazalika ba a haɗa shi keji ɗaya da kanari ko wasu ƙananan tsuntsaye, saboda duk da sunansa na soyayya, yakan cije musu yatsu har ya raunata su.

Daga ina aka samo shi?

Tambayar farko da ta kamata a yi wa mai sayarwa ita ce, a gida aka ƙyanƙyashe tsuntsun ko daga daji aka kamo shi?

Tarihin cinikin wannan tsuntsu ya nuna dalilin tambayar. A shekarar 1987, jinsin Fischer shi ne tsuntsun daji da aka fi fataucinsa tsakanin ƙasashe a duk duniya. Yawansa a daji ya ragu ainun, har ta kai ga dakatar da ba da lasisin fitar da shi daga Tanzaniya a 1992. A wannan shekarar ce kuma Amurka ta kafa dokar da ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji, yayin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da su a 2005 saboda murar tsuntsaye, sannan ta mai da haramcin na dindindin a 2007.

Yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975 domin sa ido a kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta shafi dukkan jinsunan tsuntsun in ban da mai fuska ruwan hoda, wanda aka cire daga jerin a 2005 ganin yadda ya yawaita a hannun masu kiwo. Nijeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk suna cikin yarjejeniyar.

Mai jan kai na Afirka ta Yamma kuwa, sheƙarsa a cikin gidan gara yake haƙa ta, mafi yawa wanda ke kan bishiya. Wannan ya sa da wuya ya hayayyafa a keji, don haka akasarin waɗanda ake gani a kasuwa kamun daji ne.

Baya ga illar da kamun yake yi wa yawan tsuntsayen, wanda ya girma a daji ya riga ya san mutum a matsayin abin tsoro, kuma da wuya ya saki jiki da shi. Wanda ya fi sauƙin sabo shi ne matashin da aka ƙyanƙyashe a gida, wanda ya riga ya fara cin abinci da kansa, abin da ke faruwa idan ya kai mako 6 zuwa 8 da ƙyanƙyasa. Ba a shawartar sabon mai kiwo ya ɗauki ɗan da ake ɗura wa abinci, domin ƙaramin kuskure wajen ɗurar kan sa abincin ya shiga huhunsa.

Makon farko a gida

A shirya keji kafin tsuntsu ya iso. Faɗi ya fi tsawo amfani, domin tsuntsu gefe da gefe yake tashi. Abin da ake so shi ne ya iya buɗe fikafikansa, ya tashi daga wannan sanda zuwa waccan. Tazarar da ke tsakanin wayoyin kejin kada ta wuce santimita ɗaya da 'yan kai, don kada kansa ya maƙale. A guji keji mai tsatsa ko mai fenti da ke ɓamɓarewa, domin tsuntsun komai ya samu sai ya ɗanɗana da baki, kuma dalma da wasu ƙarafan da ake rufe waya da su guba ne gare shi.

A ajiye kejin a ɗakin da iyali suke zama, a jingine gefe ɗaya da bango, a tsayin ƙirjin mutum ko sama kaɗan. Tsuntsun da aka ajiye a ƙasa, mutane suna gilmawa ta kansa, ba ya samun natsuwa.

A kwanakin farko aikin mai kiwo kaɗan ne: ya sa abinci da ruwa a lokaci guda kullum, ya zauna nesa kaɗan da kejin, ya yi magana a hankali ko ya yi karatu da murya mai taushi, sannan ya tashi. Kada a sa hannu a kama shi, kada kuma a tara yara da baƙi su kewaye kejin.

Dalilin haka yana cikin halittarsa. A daji, shaho da maciji da sauran mafarauta ne suke bin sa. Hannun da ya sauko masa daga sama, da idon da ya ƙura masa, duka alamun mafarauci ne a wurinsa.

Idan akwai wasu tsuntsaye a gidan, kamar kaji ko tattabaru, a ware sabon a wani ɗaki dabam na aƙalla kwana 30, a riƙa wanke hannu tsakanin kula da waɗannan da wancan.

Matakan sabo

Alamar cewa lokacin matsawa gaba ya yi ita ce tsuntsu ya ci abinci, ya gyara gashinsa, ko ya yi 'yar waƙarsa alhali mutum yana zaune kusa.

Mataki na farko shi ne miƙa masa abin da ya fi so ta tsakanin wayoyin keji. Masu kiwo a ƙasashe da dama sun fi amfani da zangarniyar gero, saboda tsayinta yana ba tsuntsu damar ci ba tare da ya matso kusa da yatsu ba. A daina sa ta a cikin kwanon abincinsa, ta zama abin da yake samu daga hannun mai shi kawai. Kullum sai a riƙa rage tsayin zangarniyar, har ta kai yana ci daga tafin hannu.

Mataki na biyu shi ne buɗe ƙofar keji a sa hannu a ciki, a bar shi wuri ɗaya ba motsi. Tsuntsun ne zai zo, ba a bin sa da hannu. Idan ya ja da baya, a dakata, a koma matakin da ya gabata.

Mataki na uku shi ne koya masa hawa yatsa. A kawo yatsa daidai saman ƙafafunsa, a riƙe geron a ɗaya hannun ta yadda sai ya taka yatsan kafin ya kai gare shi, a kuma riƙa faɗin kalma guda ɗaya kowane lokaci, alal misali "hau". Da zarar ya hau, a ba shi ladarsa nan take. Wanda yake tsoron yatsa, a fara masa da ɗan sanda.

Sau da yawa yakan taɓa yatsan da bakinsa kafin ya taka, domin ya gwada ƙarfinsa kamar yadda yake gwada reshe. Idan mutum ya fizge hannu a wannan lokaci, tsuntsun zai ɗauka cewa yatsan ba abin dogaro ba ne.

Mataki na huɗu shi ne fitowa daga keji a ɗakin da aka rufe ƙofofi da tagogi, aka kashe fanka, aka sauke labule a kan gilashi da madubi. A bar ƙofar kejin a buɗe, abincinsa yana ciki, domin yunwa ta mai da shi da kansa.

Kowane zama kada ya wuce minti 5 zuwa 10, sau biyu ko uku a rana, kuma a tsaya tun tsuntsun bai gaji ba. Wani yakan saba cikin 'yan kwanaki, wani sai bayan watanni. A nan ne maganar Hausawa take tabbata, cewa sannu ba ta hana zuwa.

Dangane da yanke gashin fiffike kuwa, ra'ayin masana ya bambanta. Wasu na ganin yana rage haɗarin ɓacewa, wasu kuma na cewa yana hana tsuntsun motsa jiki, yana kuma ƙara masa tsoro. Abin da suka haɗu a kai shi ne, idan za a yi, ƙwararre ne zai yi, domin sabon gashi yana da jini a gindinsa.

Me ya sa yake cizo?

Bakin tsuntsun ƙarami ne amma yana iya fasa fata. Kafin ya yi cizo yakan ba da gargaɗi: ya buɗe baki, ya tayar da gashin kai da na wuya, ya sunkuyar da kai, ko ya baje wutsiya. Wanda ya lura da waɗannan alamu ya janye a hankali, da wuya a cije shi.

Idan an yi cizon, ba a dukansa, ba a girgiza keji, ba a kuma yi masa tsawa. Tsuntsu ba ya fahimtar horo irin wannan. Abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin gudu ne. Abin da ya fi shi ne a sauke shi a hankali, a juya masa baya na ɗan lokaci.

Akwai kuma alamun gamsuwa. Idan yana goga bakinsa na sama da na ƙasa yana wata 'yar ƙara gab da barci, ko ya tsaya da ƙafa ɗaya, to hankalinsa a kwance yake. Idan ya sunkuyar da kai gashinsa a sake ya matso kusa, yana neman a sosa masa wuya ne. Idan ya fara jan gashin mutum ko gemunsa a hankali, ya ɗauke shi ɗan garke ke nan.

A taƙaita shafa a kai da wuya. Shafa baya ko ƙarƙashin fiffike yana tayar masa da sha'awar barbara, abin da kan jawo ƙarin cizo da kishi, a wajen mace kuma ya jawo yin ƙwai.

Halin da aka haife shi da shi

Wasu halayen ba a iya raba tsuntsun da su. Macen jinsin mai fuska ruwan hoda takan yayyanka ɓawon itace ko ganye siri-siri, ta cusa a cikin gashin bayanta, ta tashi da su zuwa sheƙa. Macen jinsin Fischer kuwa a baki take ɗauka.

A farkon shekarun 1960, wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, William Dilger, ya wallafa sakamakon haɗa jinsunan biyu. 'Ya'yan da aka samu sun rikice: sukan yi ƙoƙarin cusa abin a gashi su kasa, su mai da shi baki, su sake gwadawa. Sai bayan kimanin shekara 3 suka koma ɗauka a baki kusan kowane lokaci, amma duk da haka ba su daina waiwayar da kai baya ba kafin su tashi.

Darasin da ke ciki ga mai kiwo shi ne, tsuntsuwar da ta kekketa littafi ko takardun kuɗi ba ɓarna ta yi niyya ba. Abin yi shi ne a ɓoye abin da ake so, a ba ta abin da za ta yi ta ɓarzawa, kamar reshen icce mai tsabta wanda ba a fesa wa magani ba.

Har ila yau mace takan yi ƙwai ko babu namiji, guda 4 zuwa 6 a jere. Yawan yin ƙwai yana ƙarar da sinadarin kalsiyam a jikinta, har ƙwai ya maƙale mata. Idan ba hayayyafa ake so ba, kada a sa akwatin sheƙa ko wani lungu mai duhu a cikin keji.

Abinci da barci

Tsaba kaɗai ba ta wadatar da shi. Tsuntsun da ya dogara da ita, musamman mai maiƙo kamar gyaɗa, yakan yi ƙiba, hantarsa ta lalace, ya kuma rasa sinadarin bitamin A.

Likitocin dabbobi suna ba da shawarar a haɗa tsaba irin su gero da dawa da ganyaye da kayan lambu kamar karas, alayyafo, kabewa da ɗanyar masara, da 'ya'yan itace kaɗan irin su gwanda, mangwaro da gwaiba. Inda ake samun abincin aku na kanti da aka sarrafa ƙwaya-ƙwaya, ana so ya zama babban kaso na cimarsa. Ɓawon ƙwai da aka dafa aka niƙa yana ƙara masa kalsiyam. A wanke kayan lambu sosai saboda maganin ƙwari, a kuma kwashe ragowar bayan 'yan sa'o'i kafin su lalace.

Abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan sun haɗa da fiya, wato afokado, da cakulan, da gahawa, da shayi, da goro, da albasa, da abinci mai gishiri, da kuma gyaɗa ko hatsin da ya yi funfuna.

A canja ruwan sha kullum, a lokacin zafi sau biyu. Yana kuma buƙatar barcin sa'a 10 zuwa 12 a wuri mai duhu da shiru. Tsuntsun da yake kwana a falo, talabijin tana aiki har tsakar dare, yakan wayi gari da faɗa.

Haɗuran da ke cikin gida

Numfashin tsuntsu ya sha bamban da na mutum. Baya ga huhu yana da jakunkunan iska a cikin jiki, waɗanda suke sa ya zuƙi duk abin da ke cikin iska fiye da yadda mutum yake yi. Wannan ne ya sa masu haƙar kwal a Birtaniya suka riƙa shiga rami da kanari domin gano iska mai guba, har zuwa 1986.

Don haka hayaƙin janareta, da na gawayi, da na taba, da turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa ko na feshi, duka suna iya kashe shi. Haka ma tururin da ke tashi daga kaskon suya mai rufin Teflon idan ya yi zafi fiye da kima. Kada a ajiye keji a madafa, kuma idan za a yi feshi ko turare, a fitar da shi har sai iska ta wanke ɗakin.

A watannin bazara, lokacin da zafi kan zarta digiri 40 a birane irin su Kano da Sakkwato da Yamai, kada rana ta bugi keji kai tsaye. Tsuntsun da yake haki baki buɗe, ya ware fikafikai daga jikinsa, zafi ya yi masa yawa. A mai da shi inuwa, a ba shi ruwan wanka a faffaɗan kwano marar zurfi. A lokacin hunturu kuma a kare shi daga iskar dare da ƙura.

Kyanwa ma babban haɗari ce. Yawunta yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da kan kashe ƙaramin tsuntsu cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da raunin bai taka kara ya karya ba.

Lafiyarsa da ta mai shi

Tsuntsu yakan ɓoye ciwo, domin a daji mai rauni ake fara kamawa. Idan aka ga ya kumbura gashi tsawon yini, ya zauna a ƙasan keji, wutsiyarsa tana motsi da kowane numfashi, ya daina ci, ko kashinsa ya canja kama, to a garzaya wurin likitan dabbobi a ranar. Ba a ba shi maganin mutane ko na kaji da ka, domin abin da ya dace da kaza zai iya fin ƙarfin tsuntsu mai giram 50.

Akwai kuma cutar da ake kira zazzaɓin aku, wadda mutum kan ɗauka ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashin tsuntsu. Ta ɓarke a Turai da Amurka a 1929 zuwa 1930 sakamakon cinikin aku daga Kudancin Amurka. A watan Maris na 2024 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton ƙaruwarta a ƙasashen Turai 5, inda mutum 5 suka rasu.

Alamunta su ne zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki da busasshen tari, kuma tana jin magani idan an gano ta da wuri. Tun da yake alamun sun yi kama da na wasu cututtuka, ya kamata mai kiwo ya gaya wa likita cewa yana da tsuntsu a gida. A yayyafa ruwa a ƙasan keji kafin a share, a wanke hannu da sabulu, kuma kada a ba tsuntsu abinci daga baki.

Amana ce

Musulmi da dama sukan tambayi hukuncin tsare tsuntsu a keji. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa, Abu Umair, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) yakan tambayi yaron labarin tsuntsun cikin raha. Ibn Hajar al-Askalani, a littafinsa Fathul Bari, ya ambaci halaccin ajiye tsuntsu a keji a cikin hukunce-hukuncen da malamai suka ciro daga hadisin.

Malamai sun gindaya sharaɗin ciyarwa da shayarwa da rashin cutarwa, inda suke kafa hujja da wani hadisin na matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba har ta mutu.

Wanda ya ga ba zai iya ci gaba da kiwon ba, buɗe keji ba ita ce mafita ba. Tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a gida bai san neman abinci ko kauce wa shaho ba, kuma yawanci ba ya daɗewa. Inda suka rayu kuwa, sun zama baƙi a muhallin da ba nasu ba, kamar yadda ya faru a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, inda masu fuska ruwan hoda suka kafa garkuna tun shekarun 1980, da kuma kewayen Tafkin Naibasha a Kenya, inda jinsuna biyu na Tanzaniya suka cakuɗa da juna.

Abin da ya dace shi ne a nemi wani mai kiwo da ya san aikin a miƙa masa tsuntsun tare da kejinsa, a kuma yi masa bayanin abincin da ya saba ci da lokutan barcinsa.